Kuɗin ajin yaƙi da jahilci ma kuɗin magani ne

Mai karatu, idan kana da Paracetamol na yara a gida, ɗauko kwalbar ka duba. Akwai na ruwa da ake aunawa da murfi, wanda galibi ke ɗauke da miligiram 120 a cikin mililita 5. Akwai kuma na ɗigo na jarirai, mai miligiram 100 a mililita ɗaya tak. Sunansu ɗaya, amma na biyun ya ninka na farko ƙarfi wajen sau huɗu. Abin da ya raba su 'yan lambobi ne a jikin kwali, kuma kai da kake karanta wannan shafi cikin daƙiƙa za ka gane. To uwar da ba ta taɓa zama a aji ba fa?

A kantin maganin da nake aiki a Agege, nan Legas, irin waɗannan iyaye ne rabin masu zuwa wurinmu. Mukan zana musu layi a jikin leda: ɗaya safe, ɗaya rana, ɗaya dare. Dabara ce mai amfani, amma tana da iyaka. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu sau shida ake shansa cikin kwana uku, kuma na biyu awa takwas bayan na farko. Yaya zan zana awa takwas da layi? Yaya zan zana ranar da wa'adin magani zai ƙare, ko in nuna cewa Amoxicillin na gari, da zarar an zuba masa ruwa, kwanakinsa ƙidayayyu ne? Sai in faɗa da baki, ta ce "To, Hajiya, na gane." Ta tafi gida, yaro na kuka, zafin jiki na hawa, abin da na faɗa ya bi iska, takardar da ke hannunta kuwa ba ta yi mata magana.

Asarar ba ta tsaya a lafiya ba, har aljihu take shiga. Maganin da aka sha ba daidai ba sai an sake sayensa, wani lokaci har da kuɗin gado a asibiti. Kuma rashin karatun nan da ke cutar mutum a gabana shi ne dai ke cutarsa a kasuwa. Ɗan'uwanmu mai kawo tumatir da albasa Mile 12 yana juya kuɗi masu yawa, amma sai ya miƙa wa yaron wani wayarsa ya duba masa ko kuɗi sun shigo. Yana ba mai POS katinsa har da lambar sirri. Yana dangwala yatsa a takardar hayar shago da aka rubuta da Turanci, bai san abin da ya amince da shi ba. Irin wannan mutum zai iya shekara ashirin yana wahala bai matsa daga inda ya fara ba, ba don ƙarancin basira ba. Lissafin da yake yi da ka, ni da digirina sai na nemi na'ura. Na san wata mai sayar da fura da ta yi shekara guda tana zuwa ajin yamma. Yau ita ke riƙe da littafin adashen matan layinsu, kuma tunda ta fara rubuta masu cin bashi, jarinta ya daina zurarewa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ba sabon abu ake nema ba. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi gangamin Yaƙi da Jahilci, dattawa da dama a nan suka koyi boko. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, aikin da har UNESCO ta karrama. A 1990 gwamnatin tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa, NMEC, jihohi ma suna da nasu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta ambaci ilimin manya a cikin abin da take nufi da ilimin tushe. Sai dai idan aka zo rabo, ginin firamare da ƙaramar sakandare ke kwashe kusan komai. Ban ƙi ba, yara na da haƙƙi. Amma yaron da ya dawo da aikin gida, wa zai duba masa idan uwa da uba duka ba su iya ba?

Ajin manya kuwa ba ya cin kuɗi sosai. Ɗakunan firamare a rufe suke bayan la'asar, Islamiyyoyi ma suna da benci da allo. Abin da ake buƙata malami ne da za a biya shi a kan kari, da littattafai, da fitila. Malaman da na sani ba don ɗalibai sun gudu suka bari ba, alawus ne ya yi watanni bai zo ba. Sannan a nan kudu akwai matsalar harshe: dattijuwar da ke jin Hausa kaɗai ba za ta jure ajin da aka fara da Turanci ko Yarbanci ba. A fara mata da harshenta. Wanda ya iya ajami kuma a daina lissafa shi cikin jahilai, ya riga ya san yadda harafi ke zama sauti, saura kaɗan ne.

Don haka kai mai karatu, akwai abin da ke hannunka. Lokacin da ake tsara kasafin kuɗin jiharku, ku tambayi ɗan majalisarku nawa aka sa wa hukumar ilimin manya, kuma nawa aka saki a bara, don sawa daban, saki daban. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da fadar Sarkin Hausawa suna tara kuɗi don sallah da naɗin sarauta. Albashin malami ɗaya na shekara ba zai gagare su ba. Maigida kuma, idan matarka ta ce tana son shiga aji, ka tuna ita ce ke tashi da tsakar dare ta auna wa ɗanka magani, kai kana barci ko kana kan hanyar fatauci.

Kafin ajin ya samu, duk wanda ke da mara karatu a gida ya ce masa kada ya bar gaban mai ba da magani sai ya maimaita bayanin da bakinsa an tabbatar ya yi daidai, kuma maganin yara a auna shi da murfinsa ko sirinjinsa, ban da cokalin shayi.