Igiyar da ba ta zo ba

A damanar 1997, muna cikin babban hutun makaranta, kawuna direban babbar mota ya dawo Damagaram daga Kwatano da wani kwali a hammata. Da ya buɗe, sai ga injin wasa na talabijin, gwanjon Turai, baƙi wuluk, da abin latsawa biyu da kaset ɗin ƙwallon ƙafa. Kafin la'asar yaran unguwa sun cika zaurenmu. Muka sa wuta, ƴar fitilar injin ta kama. Sai yayana ya juya bayansa yana neman abin da za a haɗa shi da talabijin. Muka zazzage kwali, muka kakkaɓe jaridun da aka naɗe shi da su. Babu igiya. Wani ɗan zagayayyen baki ne kawai a bayan injin, mai ƙananan ramuka, yana kallonmu muna kallonsa.

A zatonmu abu ne na yini ɗaya. Ni da yayana muka bi rumfunan masu kayan lantarki na Kasuwar Dole ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya karɓi injin, ya duba bakin, ya girgiza kai. Aka ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano saƙo, bayan sati biyu ya kawo wata igiya daga Sabon Gari a kan jika biyu. Ta kamfanin ce kuwa, amma ta samfurin da ya gabata: kanta ya fi ramin girma. Injin ya koma kwali ya kwana wata guda a ƙarƙashin gadon inna, lafiyarsa ƙalau, ba shi da amfani.

Sai da na girma na fahimci cewa ba mu kaɗai muka sha wannan ba. A zamanin, kusan kowane kamfani da nasa bakin. Mega Drive na farko na kamfanin Sega yana da baki mai ramuka 8, na biyu da ya fito a 1993 mai 9 ne, kuma ƙarami. Nintendo ya ƙirƙiro nasa a 1990 tare da Super Famicom, ya ci gaba da shi a Nintendo 64 da GameCube, sannan ya sake wani dabam a Wii cikin 2006. Sony ya riƙe baki ɗaya tun daga PlayStation na 1994 har zuwa na uku, amma igiyarsa ba ta shiga injin kowa. Xbox na 2001 da Xbox 360 na 2005, gida ɗaya suka fito, ba sa aron igiyar juna.

Masu ƙirar suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. A wancan zamanin, talabijin ɗin duniya ba harshe ɗaya suke ji ba: Amurka da Japan suna kan tsarin NTSC, Najeriya da mafi yawan Turai suna kan PAL, mu kuwa a Nijar mun gaji SECAM daga Faransa. Maimakon a cika bayan inji da ramuka iri-iri, sai a tattara hoto da sauti a ɗan baki guda, kowace ƙasa a ba ta igiyar da ta dace da ita. Dabara ce mai sauƙaƙa ƙira. Amma dabarar ta ɗauka cewa mai inji yana kusa da kanti. Yaron Paris in igiyarsa ta tsinke, titi zai tsallaka. Mu da muke ƙarshen hanyar gwanjo, inda kaya ke isowa bayan sun ratsa hannu biyar da teku da tasha, abin da ya fi ƙanƙanta shi ke fara ɓacewa, shi ne kuma ba a samun madadinsa.

Wanda ya fid da mu wani dattijo ne mai gyaran rediyo a bakin hanyar Birni. Yayana ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce: «Baba, an ce sai an aika Turai.» Ya ɗaga tabarau, ya daɗe yana duban ramukan, ya ce: «Ɗana, baki ne kawai suka sake. Abin da ke gudana a ciki ɗaya ne. Ku ɗauko mini talabijin ɗinku.»

Muka kai masa a kan amalanke. Tsohon akwati ne ƙirar Faransa, mai faffaɗan bakin nan na Péritel mai haƙora 21, wanda aka wajabta sa wa talabijin a can tun 1980. Dattijon ya kwance injin, ya bi ramukan da na'urar awonsa, ya liƙa wayoyi uku da darma. Hoto ya fito, muka yi sowa, sannan muka yi shiru: fari da baƙi ne. Injin da PAL yake magana, akwatin SECAM kaɗai ya sani, ba a bambance rigunan ƴan wasa. Bai ce komai ba. Washegari ya zaro ja da kore da shuɗi daga cikin injin, kowane launi da wayarsa, ya ƙara wasu ƴan ƙwayoyin da ya ciro daga matacciyar rediyo, ya kai su kai tsaye ga haƙoran Péritel, domin ta wannan hanya launi ba ya bi ta PAL ko SECAM. Har yau ban ga ciyawa mai kore irin ta filin nan da ya bayyana a rumfarsa ba.

Igiyar tasa mummuna ce, ta sha naɗin roba, kuma ba ta cirewa. Mun yi shekara huɗu muna wasa da ita.

Yanzu zamani ya juya. PlayStation 3 ya zo da HDMI a 2006, PlayStation 4 na 2013 ya watsar da tsohon bakin gaba ɗaya, kuma igiyar da ke haɗa injin wasa da talabijin a yau ana samun irinta a kowace kasuwa. Tarayyar Turai ma, tun ƙarshen 2024, ta wajabta bakin caji iri ɗaya, USB-C, ga wayoyin salula da injinan wasa na hannu. Na yi murna da haka. Sai dai idan na bi ta Katako a Yamai na ga tsofaffin injinan nan jibge cikin ƙura, nakan yi tunanin da yawansu ba mutuwa suka yi ba, igiya suka rasa.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Kayan da ka biya da kuɗinka, amma ba ka iya tayar da shi sai da makullin da ke hannun wani a wata nahiya, rabinsa aro ne. Injin kawuna bai zama namu ba ranar da ya shigo gida. Ya zama namu ranar da dattijon nan ya kwance ƙusoshinsa. Allah ya yi masa rasuwa da daɗewa, rumfar kuma yanzu ana sayar da katin waya a cikinta. Ɗana ya taɓa tambayata dalilin da ya sa nake ajiye wata guntuwar waya mai naɗin roba a akwatina. Na ce masa ya zauna, labarin yana da tsawo.