Wuri da Sifiri: Abin da Ƙasar Hindu Ta Aiko Mana

Mu da muke koyon aikin malanta, in an zo darasin ƙasar Hindu sai mu ga kamar labarin wata duniya ce da ba ruwanmu da ita. Akan gaya mana tun wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, mutanen Mohenjo-daro da Harappa, a kwarin kogin Indus, suna gini da jan bulo, suna da magudanan ruwa a rufe, suna fatauci har Iraƙi. Akan gaya mana labarin Sarki Ashoka, wanda ya ci Kalinga da yaƙi wajen shekara 261 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ga yawan gawa, ya yi nadama, ya riƙi addinin Buddha, ya sa aka sassaƙa dokokinsa a kan duwatsu. Duk abin mamaki ne. Amma yaron elemantare da za mu karantar, wanda bai taɓa wuce Jibiya ba, me zai kama a ciki?

To, mu dai a ganinmu daga Ƙofar Kaura ya kamata a fara. Fataken da suka riƙa shigowa birnin Katsina ta nan a zamanin kakanninmu, da wuri suke ciniki, da shi ake biyan kuɗin ƙasa da sadaki. Wurin nan kuwa ba a Gulbin Maraɗi aka tsince shi ba. Asalinsa tsibiran Maldif ne, cikin teku kudu da ƙasar Hindu. Mutanen can sukan sa rassan kwakwa cikin ruwa, 'yan halittun su manne, a kwaso, a shanya har naman ya ruɓe, sa'an nan a sayar wa mutanen Bangala a karɓi shinkafa, su kuma su yi kuɗi da shi. Ibn Baɗuɗa ya zauna tsibiran nan a shekarar 1343, ya ga ana ba da wuri 400,000 a dinari ɗaya. Bayan shekara kamar goma ya zo Mali da Gao, ya tarar dinari ɗaya wuri 1,150 ne. Ku dubi ribar da nisa yake haifarwa!

Tarihin Kano ya ce zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa, yawancinsa kuwa jiragen Turawa ne suka sauke shi bakin teku, ya hauro ta Nufe. Da Barth ya zo a 1851, wuri 2,500 ne gurus ɗaya a Kano, ana ɗura 20,000 a keso. Ashe mai lissafin keso ya sha wahala ƙwarai.

Lambobin da muka rubuta wannan lissafi da su ma daga can suke. Malamin Hindu Brahmagupta ya tsara ƙa'idodin sifiri a 628, Alhawarizmi ya bayyana hisabin Hindu da Larabci a Bagadaza wajen 825. Daga littattafan Larabawa lambobin suka rabu biyu: waɗansu suka zo wa malamanmu na zaure, suna rabon gado da su, waɗansu suka bi ta Andalus zuwa Turai, suka komo mana a allon makarantar boko. Almajiri da ɗan midil, ashe kayan gida ɗaya suke rubutawa, ko da yake kowa yana ganin nasa ne na ainihi.