Azarar da ke ɗauke da daɓen bene a tsofaffin gidajen ƙasa

A tsofaffin gidajen ƙasa na Kano da Zariya da Damagaram, duk ɗakin da aka ɗora a kan wani yana zaune ne bisa azara, wato tsagaggen itacen giginya da magina ke jerawa daga bango zuwa bango, su shimfiɗa zana a kai, su zuba ƙasa su daɓe, ta yadda rufin ɗakin ƙasa shi ne daɓen na sama. An fifita giginya ne saboda taurinta da yadda gara ba ta cika cinta ba, sai dai azara ba ta jure nauyin ƙasa idan tazarar bango biyu ta haura kimanin mita 2, shi ya sa magina suka ƙware a ginin bakan gizo, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830.

Abin da ke kashe azara shi ne danshi, kuma ruɓa takan fara ne daga kawunanta biyu da aka cusa cikin bango, inda ido ba ya kaiwa. Idan indararo ya toshe, ko yaɓen makuba ya zaizaye ba a sabunta shi ba kafin damina, ruwa yakan bi cikin bango ya kwanta a kan itacen, naman gwari mai cin katako ya samu wurin zama, domin irinsa ba ya yaɗuwa sai jiƙewar itace ta haura kashi 20 cikin 100. Abin takaici, yaɓen siminti da masu gida da yawa ke ɗauka kariya ne yakan ƙara ta'azzara lamarin, saboda ruwan da ya shiga ta tsaga ba ya samun hanyar fita. Tsakiyar azara kan yi kyau a ido alhali kanta ya zama gari, don haka gwani yakan tone bakin bango ya soka basilla, in ta nutse ba tare da tirjiya ba ya san ta gama aiki.

Gyara na gaskiya yana farawa da toshe hanyar ruwa, sannan a kwashe mutane da kaya daga sama, a tokare azarorin da gwafa ko ƙarfen tokara da aka dasa a kan katako mai faɗi don kada ya nutse cikin ƙasa. Idan daɓen ya lotsa, ana ɗaga shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, domin ƙasar da ta shekara hamsin a lanƙwashe takan dare idan aka miƙar da ita lokaci guda. Bayan haka ake zare ruɓaɓɓun ɗaya bayan ɗaya ana maye gurbinsu, wadda kuma lalacewarta ba ta yi nisa ba sai a jera mata sabuwa a gefe su raba nauyin.

Giginya na daɗewa kafin ta ƙosa, azara mai kyau tana ƙara tsada, magina da suka gaji wannan aiki kuma suna raguwa. Duk mai irin wannan gida ya nemi tsohon magini ya duba masa kawunan azara da indararo tun kafin ruwan farko ya sauka.