Awa 38 Babu Sabis

Da asubar farko da muka yi a kan teku, na ɗauki waya don in duba lokacin salla, sai na tarar da saƙon tes daga kamfanin layina cewa kuɗin katina ya ƙare. Na zauna a bakin gado ina ta kallon saƙon. Kwana biyu kafin mu bar Kano na loda wa layin kati mai yawa, wanda a lissafina zai kai mu ya dawo da mu, domin kiran gaggawa, kuma shi ne layin da banki ke turo mini lambar sirri ta cikinsa. Ban kira kowa ba, ban buɗe komai ba. Ni dai na yi barci, ashe wayar ce ba ta yi ba.

A Satumbar 2023 ne. Kamfanin da nake rubuta wa manhaja daga gida ya kira taron shekara a Basalona, ni kuma na ƙara mako guda a kan tafiyar, na taho da uwargida, muka shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido da ke zagaya Bahar Rum. Tun aurenmu ba mu taɓa tafiya mu biyu kaɗai ba. 'Yarmu mai shekara huɗu, wadda ta ci sunan mahaifiyata muke ce mata Ummi, mun bar ta wajen Hajiya. Jirgin zai tashi daga Basalona ya tsaya a Marsai ta Faransa, sai Jenowa da Cibitabekiya da Palamo a Italiya, sai Baleta ta Malta, daga nan ya yini ya kwana a ruwa ya komo Basalona.

Abin kunyar shi ne na san yadda abin yake faruwa, mantawa kawai na yi. Kowace hanyar sadarwar salula tana da lambar ƙasa da take gabatar da kanta da ita: Nijeriya 621, Sifaniya 214, Italiya 222. Da na duba saman wayata a wannan asubar, lambar da na gani ta fara ne da 901, wato hanyar da ba ta kowace ƙasa ba. Jirgin yana ɗauke da tasa ƙaramar hasumiyar sadarwa. Idan yana tasha a kashe take, da zarar ya yi nisa da gaɓa sai a kunna ta, duk wayar da ke neman sabis ta kama ta. Daga nan kira da data ta tauraron ɗan'adam suke bi, kuma farashin romin ɗin na tauraron ne. Wayata ta samu hanya cikin dare, ta shiga tura hotunan da muka ɗauka a Basalona zuwa ma'ajiyar intanet, tana sabunta manhajoji, har katin ya ƙone ƙurmus.

Wajen karin kumallo na ji ba ni kaɗai ba ne. Tun 15 ga Yunin 2017 mai layin ƙasar Tarayyar Turai yana amfani da wayarsa a sauran ƙasashen tarayyar a farashin gida, shi ya sa Turawan da muke tare da su ba sa tunanin romin ko kaɗan. Amma wannan dokar a kan tudu ta tsaya, ba ta shafi hasumiyar jirgi ba. Wani dattijo da ke teburinmu yana ta nuna wa matarsa irin saƙona cikin yarensu, ban ji abin da yake cewa ba amma na gane fuskar.

Jirgin yana sayar da nasa waifai, daga ƙaramin tsari na tura saƙonni kawai har babba na kallon bidiyo. Na duba farashin, na mayar da shi naira a kaina, raina ya ƙara ɓaci. Uwargida ta ce, "Abban Ummi, ka sayi ƙaramin mana, ko don mu riƙa jin gida." Na ce mata an cuce ni sau ɗaya, ba za a ƙara ba. Ni da intanet ce sana'ata, a ce in biya wannan kuɗin? Kullum ai muna sauka a gari, kuma babu garin Turai da za a rasa waifai na kyauta. Na danna alamar jirgin sama a wayoyinmu duka biyu, na ce an rufe wannan babin.

Daga nan farauta ta fara, kuma gaskiya na iya ta. A Marsai tashar manyan jirage tana da nisa da gari, sai da muka shiga mota zuwa tsohuwar tasha, na sayi kofi ɗaya a wani shago don kalmar sirrin da ke jikin rasit. A Jenowa na gano cewa ɗakunan karatu na gwamnati da tashoshin jirgin ƙasa da shagunan abincin gaggawa sun fi dandali tabbas. Na koyi neman sunan WiFi4EU, shirin da Tarayyar Turai ta ba ƙananan hukumomi yuro 15,000 kowacce don su kafa waifai na kyauta a wuraren taruwar jama'a. Duk inda na samu hanya mai ƙarfi sai in sauke taswirar gari na gaba, don ta yi aiki ba tare da data ba. Ina lura da sunayen bogi, domin kowa zai iya kunna waifai a jakarsa ya sa masa sunan tasha ya zauna yana jiran wanda zai faɗo. Ban taɓa buɗe manhajar banki a irin waɗannan hanyoyin ba sai na kunna VPN. Shafukan da ke neman adireshin imel kafin su bar ka ka shiga kuwa, wani tsohon adireshi nake ba su, don na san da shi nake biyan kyautar.

Dabarar da ta fi duka ba daga ilimin kwamfuta ta zo ba. Wani ma'aikacin ɗakin cin abinci, ɗan Indunusiya, wanda muka saba da shi saboda shi ke nuna mana abincin da babu naman alade, ya ce mini in daina wahala. Idan jirgi ya tsaya, in bi ma'aikata kawai. A Palamo na gwada. Suna fita a gurguje ba tare da kayan aiki ba, ba sa kallon gine-gine, ba sa ɗaukar hoto. Na bi su har wani lungu bayan tasha, na tarar da su jere a gindin bango, 'yan Filifin da Indiya da Indunusiya, kowa ya kafa waya a gabansa. Wata tana yi wa jariri wasa ta bidiyo, wani yana duba aikin makarantar ɗansa. Abokin nawa ya ce wata na bakwai ke nan rabonsa da gida, kuma hutun da yake samu a tasha bai fi awa biyu ba, rabinsa a nan yake ƙarewa. Na tsuguna a cikinsu ina jin kaina gwani, ban lura cewa ni wasa nake yi, su kuwa iyalinsu suke riƙewa da wannan bangon ba.

Abin da farautar ke ci mini, uwargida ce ke lissafa shi. A kasuwar Balaro ta Palamo ta ji wasu suna Hausa a gaban wani shago, ta juyo ta gaya mini, ni ina can baya ina ɗaga waya sama. A Baleta mun hau lif ɗin da ke ɗauko mutane daga bakin ruwa zuwa lambun Baraka na sama, inda ake harba igwa da ƙarfe 12 na rana. Ƙarar kawai na ji, idona yana kan wani shafi da ya ƙi buɗewa. Ita ce ta gano cewa yaren Malta daga Larabci ya samo asali, har hamsin da sittin ɗinsu irin namu ne, kuma Kiristocin garin Alla suke ce wa Ubangiji. Ta gaya mini tana murna, na ce mata to, ina zuwa. A lambun dai muka samu hanya daga ƙarshe, muka kira gida. Ummi ta nuna mana lallen da aka yi mata. Hajiya ta ce jikinta ya ɗan yi ɗumi da safe amma ta ci abinci tana wasa. Muka yi sallama, na ce sai mun isa Basalona.

Jirgin ya bar Baleta da ƙarfe 6 na yammacin Alhamis. Tsakaninta da Basalona ya fi kilomita 1,000, ba tsayawa. Ranar Juma'a ita ce mafi daɗin ranakun tafiyar, ba zan ɓoye ba. Babu abin farauta, sai na ajiye wayar. Muka zauna a saman jirgi muna kallon ruwa, muka yi hirar da muka shekara ba mu yi ba. Sau biyu ta ce hankalinta yana gida. Na ce mata gobe da safe ne fa, mene ne zai faru a kwana ɗaya?

Ƙarfe 8 na safiyar Asabar muka sauka. A zauren tasha wayata ta kama waifai, ta fara rawa a hannuna ba ƙaƙƙautawa. Kiran WhatsApp da ba a ɗauka ba, daga Hajiya, daga ƙanena, daga yayar uwargida. Na cire alamar jirgin sama, sai ga saƙon tes na ƙanena, wanda ya turo tun daren Alhamis: "Yaya, zazzaɓin Ummi ya yi tsanani har ta yi jijjiga, muna asibiti. Ka kira." Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Uwargida ta karɓe wayar daga hannuna ta kira.

Maleriya ce. An kwantar da ita, an yi mata allurai, zuwa yammacin Juma'a ta farfaɗo ta nemi shayi. Lokacin da mu muke saman jirgi muna dariya, Hajiya tana zaune a kan tabarma a gefen gadon asibiti, ƙanena yana ta zirga-zirgar sayen magani da kuɗin da ya ranto. Da aka miƙa mini Hajiya na gaishe ta, murya na rawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Takwarata ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Amma ba a tafiya a bar yaro, a ce babu inda za a same ka." Na ce, "Haka ne, Hajiya. Ki yi haƙuri." Uwargida ba ta ce mini komai ba sai da muka shiga motar filin jirgin sama. Ta ce, "Nawa ne ma ƙaramin tsarin nan?" Na faɗa mata. Ba ta ƙara magana ba.

Na san ko da saƙon ya same ni a daren Alhamis, ba zan iya tsayar da jirgi a tsakiyar teku ba. Amma da na tura kuɗi, da na yi magana da likita, da uwa ta ji muryar 'yarta, da Hajiya ba ta ɗauki wannan daren ita kaɗai ba. A jirgin sama na yi lissafin irin na masu sana'ata. Saƙon tes ɗaya baiti 140 ne kacal. Hoto ɗaya daga cikin waɗanda suka cinye mini kati ya ninka shi sau dubbai. Na yi mako guda ina bin bango don samun hanyar da za ta ɗauki hotuna da bidiyo, alhali labarin da ya fi komai muhimmanci a tafiyar bai cika layi biyu ba. Kuma ƙofar da zai shigo ta cikinta ni na rufe ta da hannuna. Da datar romin kawai na kashe na bar layin a buɗe, da saƙon ya iso ta wannan hasumiyar ta 901 da nake jin haushi, kamar yadda saƙon ƙarewar katina ya iso, tunda a yawancin layuka karɓar tes ba ya cin kuɗi. Alamar jirgin sama ba ta bambanta ɓarawo da ɗan aike, duka take korewa.

Har yanzu ina ganin farashin ya yi yawa. A da akwai hujja: tsofaffin taurarin suna nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, tambaya ta je amsa ta dawo sai an yi kusan rabin daƙiƙa, hanyar kuma ƙunci gare ta ga dubban fasinjoji. Daga 2022 manyan kamfanonin jiragen suka fara komawa Starlink, wanda taurarinsa ke kewayawa a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, intanet ɗin teku ta yi sauri sosai. A shekarar ce kuma aka yi wa yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan ruwa ta 2006 gyara, aka shigar da batun samar musu intanet a cikin jirgi a farashi mai sauƙi, gyaran ya fara aiki a Disambar 2024. Da na ji labarin, mutanen gindin bangon Palamo na tuna.

Yanzu idan zan yi tafiya, tun a gida nake kashe datar romin da sabunta manhajoji da tura hotuna, in bar layin a kunne ba na ɗaga kira. Ina sayen eSIM na yankin da za ni don amfanin kan tudu. Idan da kwanan ruwa, ƙaramin tsarin saƙonni nake fara biya kafin in sayi ko ruwan sha. Kamfanonin jiragen suna da lambar da iyali za su kira a isar wa fasinja saƙon gaggawa, ita ma ina rubuta wa ƙanena a takarda tare da lambar ɗakina. Waifai na kyauta kuwa ban daina nema ba, hali zanen dutse. Sai dai yanzu na hotuna ne da taswira, minti goma in tashi.

Ummi ta shiga firamare. Ba ta tuna asibitin, amma tana tuna ƙaramin jirgin ruwan roba da muka sayo mata a Basalona, wanda kuɗinsa ya kusa kai na tsarin da na ƙi saya. Yana nan a banɗaki, fentinsa duk ya goge.