Ratsen da Muka Yi Zuwa Yanbu Don Kallon Tseren Dakar



A tseren Dakar na 2024, mutumin da ya ɗauki kofin ƙananan motoci bai zo na ɗaya ba ko a zango guda cikin zango 12 da aka yi. Wanda ya fi kowa cin zango, har guda biyar, na uku ya ƙare. Tunda da yawa a cikinmu mota ce abincinsu, wasu direbobi, wasu masu lodi, wasu masu jiran kaya daga Arewa, muka ga ya dace mu ba ku labarin yadda muka ga ƙarshen wannan tsere da idonmu, da abin da muka taho da shi.

Mu 14 ne muka je Umara a watan Janairun 2024. Bayan mun kammala a Makka muka yi kwanakinmu a Madina, saura kawai mu gangara Jidda mu hau jirgin Legas ranar Asabar. Direban bas ɗin da muka yi haya Bahaushe ne haifaffen Saudiyya, kakanninsa ne suka zo aikin Hajji suka zauna. Shi ya faɗa mana cewa tseren da aka fara a AlUla ranar 5 ga wata za a rufe shi a Yanbu ranar Juma'a 19 ga wata. Miƙaƙƙiyar hanya daga Madina zuwa Jidda kilomita 400 ce da ɗoriya. In an bi ta Yanbu, sai an yi 200 da wani abu zuwa bakin Bahar Maliya, sannan a ƙara sama da 300 a gefen teku. Ga ƙarin kuɗin mota, ga kuɗin kwana ɗaya a masauki.

Ba kowa ya yarda da farko ba. Wasu suka ce ibada ta kawo mu, ba kallo ba. Ma'aji ya ce guzurin jama'a ya yi ƙasa, an riga an yi tsaraba. Babban abin tsoro shi ne jirgi: in mota ta lalace a hanyar da ba mu shirya mata ba, wa zai sake saya wa mutum 14 tikiti? Ana cikin haka sai dattijon tafiyar, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana fatauci tsakanin Kano da Agadas, ya ce: "Sakatare, wannan ba shi ne Pari-Dakar ba? Ai ni na san shi tun yana bi ta ƙasar Nijar. In da hali, ku kai ni in sake ganinsa." Shugaba ya ce, "To Baba, an gama." Aka yi sharaɗi ɗaya: ana sallame Juma'a mu kama hanyar Jidda, ko an gama tsere ko ba a gama ba.

Baba bai yi kuskure ba. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro tseren, bayan ya taɓa ɓata a hamada a kan babur a 1977. An tashi na farko daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978 da motoci da babura 182, guda 74 ne kacal suka isa Dakar ta Senegal. Hanyarsu ta ratsa Aljeriya, ta shigo Agadas da Yamai, ta wuce Mali. Shi kansa Sabine a cikin tseren ya mutu a 1986, a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali. A 2008 aka soke tseren saboda matsalar tsaro a Murtaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka daga 2009 zuwa 2019, sannan Saudiyya ta karɓa a 2020. Sunan Dakar ne kawai ya biyo shi.

A hanya Baba ya riƙa ba mu labarin yadda Agadas take cika idan ayarin ya sauka, masu masauki da makanikai da masu sayar da kayan azurfa duk su samu. Amma ya ce ba alheri kaɗai tseren ya bari ba, domin an sha kaɗe mutanen ƙauye, har da yara, a garuruwan da ya ratsa. Muka wuce ta kusa da Badar, muka shiga Yanbu da la'asar ɗin Alhamis.

Abin da muka fara gani ba gudu ba ne. A ranar ne 'yan tseren suka taso daga AlUla, suka yi sama da kilomita 400 a cikin duwatsu da rairayi, sannan suka hau kwalta zuwa sansaninsu. Muka tsaya a wani gidan mai muna kallonsu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ƙura ta rufe su har ba a gane launin fenti. Motar da aka ƙera don ta yi tsalle a kan tudun yashi, ga ta tana bin layi a bayan motar ɗaukar kaya, tana kunna sigina kafin ta karya kwana. Direbanmu ya ce a kan kwalta dokar hanya ɗaya ce da ta kowa, kuma akwai na'ura a cikin kowace mota da ke rubuta gudunta. Ko a cikin daji, in aka zo kusa da ƙauye akwai iyakar da aka sa, wanda ya wuce ta sai a ƙara masa mintuna a kan lokacinsa.

Wani a cikinmu da ya yi shekara 20 yana jan tirela ya yi shiru yana kallo, can ya ce: "Ashe su ma ba ko'ina suke taka wuta ba."

Sansanin kuwa gari ne guda mai tafiya. Daga nesa muna hango tantuna da manyan motocin kayan gyara da fitilu. Direba yana isowa zai miƙa mota ga makanikai ya je ya ci abinci ya kwanta, su kuma su kwana suna kwance ta suna ɗaurawa. Akwai kuma wani rukuni na masu babur da ba su da makanike ko ɗaya. Akwati guda ake ɗaukar wa kowannensu, shi zai yi tsere da rana, shi zai canza mai da taya da dare. Waɗannan su suka fi ba mu tausayi, su kuma suka fi burge mu.

Da asubar Juma'a direbanmu ya yi waya da abokansa, ya kai mu wani wuri a bayan gari inda mutane suka taru a kan tudu. Bas ta tsaya a bakin kwalta, muka taka da ƙafa, ana sanyi, Larabawa sun shimfiɗa darduma suna zuba gahawa, har suka miƙo mana. Babura ne suka fara wucewa, mahayan a tsaye a kan takalmin babur, ba a zaune ba. Kafin ka ga mutum sai ka fara ganin ƙura, kafin ƙura kuma sai ka ji jirgi mai saukar ungulu a sama. Bayansu ƙananan motoci, kowace da tazara tsakaninta da 'yar uwarta, domin ba a sakin su tare, da agogo kowa yake tsere. Ƙarar injin har cikin ƙirji ake jin ta. Sai ga wata ta zo da wani irin kuka siriri kamar injin niƙa. Direbanmu ya ce Audi ce, lantarki ke juya tayoyinta, injin fetur ɗin da ke ciki batir kawai yake caja. A ƙarshe manyan motoci suka biyo, irin girman waɗanda muke lodin albasa, suna hawa tudu suna sauka kamar ba nauyi. Tsohon direban tirela ya dafe kai yana salati. Baba kuwa bai ce komai ba, murmushi kawai yake yi.

Duk wucewar mota ɗaya ba ta fi ƙiftawa da bismilla ba. Abin da ba a gani daga kan tudu shi ne aikin mutumin da ke zaune a gefen direba. Babu alamar hanya a hamada. Ana gab da tashi ake buɗe musu littafin hanya a allon na'ura, shi zai riƙa karantawa yana faɗin inda za a karkata, inda rami yake, inda za a rage. Akwai wuraren da dole mota ta bi ta kansu, wanda ya tsallake ɗaya a ci shi tarar lokaci. Direba komai iyawarsa, in bai saurari na gefensa ba, gudu kawai zai yi zuwa inda ba a aike shi ba.

Mun cika sharaɗi. Muka koma gari muka yi Juma'a, muka kama hanyar Jidda ba tare da mun ga bikin ba da kofi ba. A cikin mota matasanmu suka karanto mana sakamako a waya. Carlos Sainz ɗan Sifaniya, mai shekara 61, shi ya ci da waccan Audi, karo na huɗu ke nan a rayuwarsa, kuma ya ba na biyu ratar sama da awa ɗaya. A ɓangaren babura Ricky Brabec ɗan Amurka ne ya ci a kan Honda.

Yadda dattijon ya ci shi ne abin lura. Ɗan ƙasa Yazeed Al-Rajhi shi ke kan gaba a makon farko, sai motarsa ta wuntsila a hamadar Rub'ul Khali ya fita. Sébastien Loeb na Faransa, mai zango biyar, ya matso kusa ƙwarai, amma ranar Alhamis ɗin da muka isa Yanbu ƙafar motarsa ta gaba ta karye, ya yi sama da awa ɗaya a tsaye. Shi ma Sainz bai tsira daga matsala ba. Kwana ɗaya kafin nan tayoyinsa sun yi ta fashewa a cikin duwatsu har safaya ta ƙare masa. Abokin aikinsa Mattias Ekström, wanda ya riga ya san ba zai ci ba, shi ya tsaya ya ba shi nasa tayoyin. A tafiyar kusan kilomita 8,000, wanda ya lallaɓa motarsa kuma yake da ɗan uwa a bayansa shi ya kai.

Kuma duk da wannan shiri, hular kwano, bel, ƙarafan da ke kare direba in mota ta kife, rigar da ke kumbura ta kare mai babur, likitoci a jirgi, an rasa rai. Carles Falcón, mai babur ɗan Sifaniya, ya faɗi ranar 7 ga wata, ya rasu ranar 15. A dokar tseren, wanda ya tsaya taimakon wanda ya ji rauni ana mayar masa da mintunan da ya ɓata, don kada wani ya wuce ɗan uwansa a kwance saboda kofi.

Nan hira ta dawo gida. Tsohon direban tirela ya ce daga Kano zuwa Legas sama da kilomita 1,000 ne, kuma yaranmu suna yin ta da tumatir a baya, mai kaya yana ta bugo waya don a riski kasuwar safe. Ba makanike mai kwana a kan motar, ba jirgi a sama, wani lokaci ko safaya mai kyau babu. Ya ce: "Alhaji, waɗannan da ake biya don su yi gudu sun san inda ake ragewa. Mu da ake biya don mu kai kaya lafiya, me muke kora?" Shugaba ya ce maganar ba ta direbobi kaɗai ba ce, har da masu kaya da ke matsa musu, kuma yawancinsu suna cikinmu.

Kafin mu shiga Jidda mun tsayar da magana uku da za mu kai zaman ƙungiya: a duba taya da birki da fitila kafin a yi lodi, ba bayan an yi ba, mai kaya ya daina sa wa direba lokacin da sai da gudun ganganci za a cika shi, kuma duk ɗan ƙungiya da ya tarar da motar ɗan uwa ta lalace a hanya ya tsaya, in kayansa sun makara saboda haka kada a ɗora masa laifi. Duk mai ƙarin shawara, musamman direbobinmu da makanikai, ya zo da ita zama mai zuwa.

Allah ya tsare mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.