Soke Kishiyoyi: Darasin Da Na Kasa Ajiyewa

Rubutuna na wannan makon a kan wani darasi ne na ilimin mantiƙi da na koya lokacin ina difiloma a fannin kwamfuta, wanda har yau nake bitarsa a gida Gehuru. Ana kiransa rizolushan, ni kuwa na raɗa masa "soke kishiyoyi". Masani John Alan Robinson ne ya wallafa shi a 1965, kuma a kansa aka gina harshen kwamfuta na Prolog a Faransa a 1972.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. In wata jimla tana ɗauke da "kaza", wata kuma da "ba kaza ba", sai ka soke su, ka haɗa abin da ya rage.

Ga misali. Ɗan kasuwa ya yi lodin albasa daga Aliero zuwa Jega, kuma ya san abu uku. Na ɗaya: ko motar ta isa, ko ta lalace a hanya. Na biyu: ko ba ta lalace ba, ko direba ya kira waya. Na uku: direba bai kira ba. Shin ta isa?

Fara da zaton cewa ba ta isa ba. Haɗa shi da na ɗaya, sai ya rage ta lalace. Haɗa wannan da na biyu, sai ya rage direba ya kira. Na uku kuwa ya ce bai kira ba. Komai ya soke, zaton ya rushe, ke nan motar ta isa.

Sai dai hanyar ba ta bincika gaskiyar abin da ka ba ta. In babu sabis a inda motar ta tsaya, jimla ta biyu ba ta inganta ba. Lissafi daidai, amma albasa tana can cikin rana tana lalacewa, mai ita ya saki baki.

Shi ya sa yanzu, in musu ya kaure kan siyasa ko wani labari da aka turo a WhatsApp, ba na fara jayayya da hukuncin mutum. Nakan ce ya jero mini abubuwan da ya dogara da su. Sau da yawa a nan ɓarakar take, a jimlar da kowa ya amince da ita ba tare da ya duba ba.

Ku gwada da maganar ƙarshe da kuka yaɗa: ku rubuta jimlolinta, ku ga wacce kuka tabbatar da kanku.