In Allura Ta Haura Ja

'Yan'uwa ɗalibai, yawancinmu a nan Ingila motar hannu muke saye, mai arha, wadda ta ga jiya ta ga yau. Muna ganin takardar MOT sai hankalinmu ya kwanta. Alhali gwajin MOT lafiyar birki, fitilu, tayoyi da hayaƙi yake dubawa, ba ya shiga cikin inji. Araha kuwa ba ta ado, kuma wurin da ta fi nuna halinta shi ne zafin inji.

Na tashi a gidan da ake gyaran mota, don haka in motar wani daga cikinmu ta ɗau zafi ni ake kira. Abin da na lura shi ne da al'adar gida muke zuwa. A gida bakanike kan cire tamostat ya yar, a cika lagireto da ruwan famfo. A nan wannan ganganci ne. Ruwa in ya daskare ƙaruwa yake yi da kusan kashi 9 cikin 100, yana iya fasa lagireto ko jikin injin. Shi ya sa ake haɗa shi rabi da rabi da ruwan hana daskarewa, wanda ke jure sanyi har wajen digiri 35 ƙasa da sifiri, ya kuma hana tsatsa.

A hunturun bara wani ɗan'uwa ya kira ni daga hanyar M62, tsakanin Mancesta da Lids, inda hawan ya kai mita 372. Allura ta shige ja, ga shi ranar yake da ganawa da malamin da ke duba kundinsa. Na ce, "Malam, ka tsaya gefe ka kashe ta, kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan rabin awa." Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce digiri 100, wanda ya buɗe da gaggawa fuskarsa ce za ta biya.

Da na isa na bi ta daki-daki, kamar yadda na ga ana yi tun ina yaro. Ruwa bai ragu ba, babu yoyo a ƙasa, fanbel na nan lafiya. Da muka tayar da ita ta sake ɗumi, sai na ji tiyon sama bai yi zafi ba. Tamostat ya maƙale a rufe ke nan, ruwa ba ya zagawa zuwa lagireto. Ɗan ƙaramin abu ne, aka ja motar aka canja shi. Da ya yi ta matsa mata, da gasket ya ƙone, kuɗin gyaran ya fi kuɗin motar, ya taɓa na makaranta.

Ku riƙe waɗannan alamu. In a cunkoso kawai take zafi, a duba fanka da fiyus ɗinta. In sai a kan gudu ko hawa ne, lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji. In allura ta hau amma hita na busa sanyi, galibi ruwa ne ya yi ƙasa. In kuwa farin hayaƙi ya ƙi yankewa daga salansa, bakin mai ya koma kamar shayi da madara, to gasket ya tafi, sai gareji.

Iyayenmu karatu suka turo mu, ba ciyar da mota ba. A riƙa leƙa ruwa duk mako, da safe kafin a tayar da ita. Allah Ya tsare hanya, Ya ba mu abin da muka zo nema.